Yaya da Turmin da Na Kifa Ƙarƙashin Mota

Yayana ya rasu ranar Laraba da hantsi a Kalgo, a kan shimfiɗarsa, ba ƙarƙashin mota ba. Da wannan na fara don na san shi ma da shi zai fara. Ya fi shekara arba'in yana kwanciya ƙarƙashin ƙarfe, ko farce bai taɓa bari a can ba. Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Allah ya sa ƙasar da aka rufa masa ta fi duk wadda ya kwanta a kai taushi.

Ni ce autar gidanmu. Ina zaune Ceberu, can wajen Gwandu. Karatun boko sai da furfura ta cika mini kai na koye shi, a ajin manyan mata, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace ya yi haƙuri. Maganar dai ba ta karkace ba.

Da na isa Kalgo an riga an kai shi. Abin da na tarar ƙofar gida ya tsayar da ni. Motoci ne jere tun daga bakin zaure har titi, bas-bas, manyan motocin ɗaukar shinkafa, har da wata tarakta. Ban san yaya ya tara mutane haka ba. Ni dai na san shi da baƙar riga mai warin mai, da faɗa.

Ina zaune kusa da matarsa sai wani ƙaton mutum ya yi sallama ya shigo gaisuwa. Bakanike ne shi ma, gemu duk fari. Ya durƙusa, ya buɗe baki zai yi magana, sai kuka. Matar yaya ta ce, "Haba, kai da za ka ba mu haƙuri?"

Ya share ido da hula ya ce, "Inna, ba don shi ba da tuni an manta kabarina."

Ya ba mu labari. Wata damina babbar mota cike da buhunan shinkafa ta lalace a gefen fadama. Mai kaya na gaggawa, aka kira shi ya gyara. Ya kafa jak, ya ɗaga, zai shiga. Sai ga yaya ya zo wucewa bisa babur. Ba wanda ya kira shi. Ya sauka, ya danna dunduniya a ƙasa, ya ga ta shige, ya ce kada a ɗaga mota a nan. Mai kaya ya ce masa aikin ba nasa ba ne. Yaya ya juya. Ya kwance gungume biyu da ke ɗaure bayan babur ɗinsa, ya shimfiɗa katako, ya tura su ƙarƙashin motar, ya koma gefe ya zauna yana cin goro.

"Ina ciki ina kwance ƙusa," in ji mutumin, "sai na ji wani ƙara awa an taka ƙashi. Jak ya nutse, ya kwanta gefe. Motar ta taho mini. Na yi kalmar shahada. Sai na ji ta tsaya. Ƙarfe na taɓa gemuna, wallahi Inna, shina taɓa shi. Da na jawo jikina na fito, kin san abin da ya ce? Ya ce in ka gama ka maido mini itacena."

Matan da ke ɗakin suka yi ta salati. Wata Bafulatana daga Wurogauri ta ce ai mijinta ma, yaya ya taɓa fizge masa sifana a gaban jama'a, ya kore shi daga ƙarƙashin a-kori-kurarsa kamar akuya, kuma har yau in an ambaci yaya sai mijin ya cire hula.

Can kuma daga bayan katanga, wajen maza, na ji muryar abokin wasana, ɗan kawunmu, wanda ba ya iya zama wuri bai sa an yi dariya ba ko da a makoki ne. Yana cewa, "Duk Kabi ba wanda ya taɓa kayar da shi sai ƙanwarsa. Ita da turminta!" Maza suka kwashe da dariya. Matan ɗaki suka juyo suna kallona suna murmushi. Ni kuwa na sunkuyar da kai. Labarin nan ni na yaɗa shi, kuma rabinsa na yaɗa. Rabin da na ɓoye shi ya sa na ɗauki biro.

Bari in fara faɗin ko wane ne shi.

Babanmu masassaƙi ne. Turmi, taɓarya, akushi, kujerar mata. Yaya ya tashi da gizago a hannu, ya san itace kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. In ya ƙwanƙwasa gungume ya kara kunne, zai ce maka wannan akwai rami a ciki, wannan gara ta shiga, wannan lafiya lau. Da ya bar sassaƙa ya tafi Kalgo koyon gyaran mota baba ya yi fushi. Ashe bai bar sassaƙar ba, tafiya ya yi da ita. Da hannunsa yake sare kirya, ya sassaƙe ta gajeru-gajeru masu faɗin gindi, sama a shafe, ƙasa a shafe, ba rami, ba tsaga. Su yake sa wa mota. Direban da ya zo garejinsa ba shi da su, sai ya ɗauki biyu ya jefa masa cikin but, ya ce in ya sake ganinsa babu su kada ya gaishe shi.

Na sha zama a garejin in na kai masa fura. Kafin ya taɓa mota sai ka gaji da kallo. Ƙasa yake fara dubawa, in da gangara ko laushi sai a tura motar gaba. Ya sa giya, ya ja birkin hannu. Ya sa waigi, wato ɗan itacen tokarewa, gaba da bayan tayar da ke ƙasa. Ya shimfiɗa katako mai kauri, sannan ya ɗora jak. In ta ɗagu, ya tura gungumensa daidai ƙashin motar, wato ƙarfen nan mai kauri, ba gwangwanin jiki ba. Sai ya sassauta jak har motar ta zauna a kan itacen. Tayar da ya cire ma ba ya jingine ta, ƙarƙashi yake tura ta a kwance. Sannan ya ce kowa ya matsa, ya sa kafaɗa ya girgiza motar kamar mai kokawa da sa. In ta motsa, a sake daga farko.

Masu mota su yi ta tsaki. Shi ko a jikinsa. Kullum maganarsa ɗaya: "Jak ɗagawa aka yi shi ya yi, ba riƙewa ba." Wani ya ce masa ai minti biyu ne aikin. Ya ce, "Faɗowar ba ta kai minti biyu."

Bulo kuwa, in ya gan shi ƙarƙashin mota sai ya hau faɗa. Sau ɗaya tak ya gaya mini dalili. Abokin da suka koyi aiki tare, tabarma ɗaya suke kwana, bulo huɗu ya jera ya shiga. Bulon bai tsage a hankali ba, garin ƙasa ya zama lokaci guda. Yaya na cikin waɗanda suka ɗaga motar, kuma shi ya yi masa wanka. Ya ce, "Auta, ƙirjinsa ya koma kamar faifai."

Mutum ne da in ya ga ƙafafu sun leƙo daga ƙarƙashin mota a hanya, ko ɗaurin aure za shi, sai ya tsaya ya leƙa. An zage shi, an ce masa mai shisshigi. Ya ce a zage shi da rai ya fi.

To, ga rigimarmu.

Shekara goma sha ɗaya ke nan. Ana suna a gidana, matar babban ɗana ta haihu. Shi ɗan nawa direba ne, bas yake ja tsakanin Gwandu da Kalgo, magidanci da 'ya'ya huɗu a lokacin. Da safe ya ce wani abu na ƙara ƙarƙashin motar, bari ya duba kafin baƙi su taru. Ya ɗaga ta a ƙofar gida. Gungume biyun da kawunsa ya ba shi ya bar su a tasha. Ya leƙo ya ce, "Inna, ba wani abu mai ƙarfi da zan tokare?"

Na ce akwai. Na mirgino masa gajeren turmina. Baba ya sassaƙa mini shi da zan yi aure, kirya ce zalla, na daka gero a cikinsa har na aurar da 'ya'ya. A raina duk duniya ba abin da ya fi shi ƙarfi. Muka kifa shi, baki a ƙasa gindi a sama, ɗana ya sauke motar a kai ya shige.

Sai ga yaya ya iso suna, da farar riga, abin da ba a saba gani ba. Ko babur ɗin bai kafe ba, ya sake shi ya faɗi. Ya kama ƙafafun ɗana biyu ya fizgo shi waje kamar buhu, ƙeya na jan ƙasa.

"Kawu, lafiya?"

"Wa ya ba ka wanga abu?"

Na ce, "Ni ce. Mi ya faru?"

Ya juyo, gaban mata cike da ƙofar gida, gaban surukaina, ya ce, "Auta, haihuwarsa kika yi don ki kashe shi ranar sunan ɗansa?"

Ni ba a yi mini haka in yi shiru. Na ce, "Turmin baba ne. Kai da ka gudu ka bar gizago, kai za ka gaya mini ƙarfin aikin baba? Girgiza mana! Ba girgizawa kake yi ba?"

Ya ce kowa ya matsa. Ya sa kafaɗa. Ya girgiza, ya sake girgizawa, har farar rigar ta yi baƙi. Turmi bai motsa ba.

Mata suka sa guɗa. Ni har da rawa, Allah ya yafe mini.

Nan labarin yake tsayawa a bakin kowa, don nan nake tsayar da shi.

Ga sauran. Da baƙi suka shiga cin abinci, yaya ya ɗaga motar, ya jawo turmin, ya kai shi bayan gida wajen rumbu. Ya aika a kira ni ni kaɗai. Na tarar da shi da gatari. Kafin in ce wani abu ya sara, sara ɗaya, ba da ƙarfi ba ma. Turmin ya rabe biyu kamar kabewa.

Ya ce, "Duba."

Na duba. Bangon da na sani da kaurin tafin hannu, taɓarya ta cinye shi, wani wurin bai fi kaurin ɗan yatsana ba. Ga wata tsaga tun daga baki har gindi, dusa ta cike ta, ta yi baƙi, shi ya sa ba a gani. Sabuwar tsaga kuma fara tas ta bi gefenta, ta ranar ce. Ya sa farce ya ɓanɓare wani wuri, itacen ya zubo kamar gari.

Ya ce, "Baba ya yi shi don gero. Kin ga abin da ya rage tsakanin ɗanki da kabari."

Na gani da idona. Amma abin da ya fito bakina shi ne, "Ka fasa mini turmin ubana." Na kwashe ɓarin biyu na cusa cikin murhu a ranar, don kada kowa ya gani. Na ce wa mata haushin kunyar da ya sha ne ya sa ya fasa. Damina biyu ban taka gidansa ba.

Shi fa? Bayan sati ya aiko mini da sabon turmi, sassaƙar hannunsa, ya fi na baba kyau, in faɗi gaskiya. Ko saƙo bai haɗo da shi ba. Kuma bai taɓa gaya wa kowa abin da muka gani bayan rumbu ba. Ana tsokanarsa a tasha, ana ce masa turmi ya kayar da shi, sai ya ce, "Ku dai kada ku sa." Ya bar kansa abin dariya don kada a ce ƙanwarsa ta kusa kashe ɗanta ta kuma yi ƙarya. Shekara goma sha ɗaya. Ni ban san inda ake samun irin wannan zuciya ba. Uwa ɗaya ta haife mu, ni ban samo ba.

Ni kuwa duk biki, duk suna, sai an ce in ba da labarin turmi, in kuma bayar, har da kwaikwayon yadda yake girgizawa. Ɗana dai tun ranar bai sake rabuwa da gungumensa ba. Amma labari ya fi ɗana tafiya. Na fara jin wai direbobin ƙauye in mota ta lalace sai su aika gida a kawo turmi. Na ji, na yi kamar ban ji ba.

Da ciwo ya kwantar da shi bana na je. Ya rame, hannuwan nan da ke murɗe ƙusa sun koma kamar kara. Na zauna bakin gado na ce, "Yaya, maganar turmin nan."

Ya yi dariya har tari ya kama shi. "Sai yau?"

"Ka yafe mini."

"Na yafe tun kafin in aje gatarin. Amma Auta, ni na gama shiga ƙarƙashin mota. Waɗanda ba su gama ba, su za ki gaya wa."

Na ce to. Na ce in an yi sallah. Sallah ta wuce, na ce in an gama girbi. Kunya ce, ba wani abu ba. Tsohuwa kamata ta tashi ta ce ta yi shekaru tana ƙarya? Ina cikin jan ƙafa aka aiko ya cika. A makokin ma, da abokin wasana ya tayar da zancen, ga dama ta samu, na sunkuyar da kai na ja casbi.

Bayan sadakar uku na shiga bas zan koma gida. Ba ta ɗana ba ce, shi ya tsaya wajen 'ya'yan kawunsa. Mun yi nisa kaɗan da Kalgo sai wani abu ya fara jan ƙasa ƙarƙashinmu, ƙararrar. Direba ya tsaya kusa da wasu gidaje, ya ce kowa ya sauka, salansa ce ta saki. Mutum ne babba, ba yaro ba. Ya ɗaga motar da jak, ya shiga wani gida, sai ga shi yana mirgino turmi, mai turmin na biye da shi da goyo.

Wani malami cikin fasinja ya ce, "Direba, turmi kuma?"

Ya ce, "Malam, ai wanga ya fi ƙarfe. Ba ka ji labarin tsohuwar Ceberu ba? Babban bakaniken Kalgo da aka rufe shekaranjiya, Allah shi gafarta mai, ya girgiza har ya gaji, turmi ko gezau."

Na ji kamar an watsa mini ruwan zafi. Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na kifa turmin da kaina, na zauna a kai.

"Inna, mi ne haka? Tashi, rana na yi."

"Ni ce tsohuwar Ceberu."

Ya yi dariya. "To ai ke ce shaidata."

"Ƙarya na yi."

Na faɗa musu duka, rumbu, gatari, tsagar da dusa ta rufe, murhu. Ban tsallake komai ba. Na ce wanda kuke cewa turmi ya kayar yayana ne, kuma rufa mini asiri ya yi.

Direba ya sosa ƙeya. "To Inna, naki ne ya tsufa. Wanga lafiya lau yake."

Na tashi, na birkice turmin na ce ya sa hannu ya shafa ciki. Mai turmin ta riga shi magana. "Ai ni ma da za ka tambaye ni, gari yake zubarwa ta gefe. Tsumma na cusa."

Ya zare hannunsa a hankali, ga tsumman a yatsunsa.

Na koma na zauna. Na ce a tare ɗan kabu-kabu ya koma Kalgo, gidan makoki, ya ce wa babban ɗan mamacin gwaggonsa na son gungume biyu da katako. Wani mai kaji ya fara faɗa, wai kasuwa za ta watse, wai tsohuwa ta hau turmi ta hana mutane tafiya. Na ce masa, "Shiga kai ka ɗaure salansar, in ka matsu." Bai shiga ba.

Mun fi awa a rana. An harare ni har na gaji da ramawa. Da itacen ya iso, direba ya ɗauki ɗaya ya juya shi, ya ga sawun gizago, ya daɗe yana kallo. Ya yi aikin yadda na gaya masa, bi da bi, ni da ban taɓa riƙe sifana ba. Ya shiga, ya ɗaure, ya fito da ƙafafunsa.

Da muka koma mota wata matashiya da ke gefena ta matso ta ce a hankali, "Inna, mijina direba ne a Gwandu. Turmina yana cikin but ɗinsa yanzu haka. Ni na ba shi. A wajen wani suna na ji labarin, ke ma kina wurin."

Na ce ta kira shi. Ta ce wayarsa ba ta shiga.

Ban sauka mararrabar Ceberu ba. Na bi ta har tashar Gwandu, muka yi ta tambaya mota-mota, ana cewa ya yi lodi ya fita tun hantsi. Muka zauna kan benci har la'asar. Da ya shigo ta ruga ta buɗe but tun bai kashe mota ba, ta rungumo turminta, shi kuma yana tambayar wace ce wannan tsohuwar da ke yi masa ihu.

Turmi biyu ke nan na samu. Ban san ko nawa ne suka rage ba. Shekara goma sha ɗaya na yi ina ba da rabin farko, kuma ban jin ina da wasu sha ɗayan a gaba. Don haka wanda takardar nan ta shiga hannunsa, in ya iya karatu, ya karanta da ƙarfi a tasha, kada ya tsaya inda mata suka yi guɗa.

Allah ka jiƙan yayana. Ni kuma ka ara mini kwana in gama zagayen.